Hilux mai jan baya: a sa mata okzilari a ɗaga ta, ko a sayar a sayi mai jan huɗu?

Duk mai Hilux ko Tacoma wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, in dai yana shiga ƙauye da damina ko yana ratsa rairayi, wata rana sai an ba shi shawarar nan: kai ta gareji a sa mata okzilari, a ɗaga ta, a saka manyan tayoyi, shi ke nan ka huta da kafewa. Aikin yana yiwuwa, ana kuma yin sa. Sai dai masu ba da shawarar sukan haɗa abubuwa uku da ba su da alaƙa sosai su mai da su ɗaya. Okzilari yana sa tayoyin gaba su ja. Ɗagawa tana nisanta jikin mota daga ƙasa. Manyan tayoyi su ne ke ɗaga aksil. Kowanne da ciwon da yake magani, kuma wanda bai san ciwon motarsa ba zai iya biyan kuɗin dukkan ukun ya koma ya kafe a inda ya saba kafewa.

Hanyoyi uku ke gaban mai irin wannan mota. Ko ya mai da ita mai jan huɗu da kayan wata motar, ko ya sayar ya cika kuɗi ya sayi wadda kamfani ya ƙera da okzilarinta, ko ya bar ta a mai jan baya ya gyara abin da ke sa ta kafewa. Ra'ayina tun daga farko shi ne hanya ta biyu ta fi dacewa da mafi yawan mutane, ta ukun ta ishi mutane da yawa fiye da yadda suke zato, ta farkon kuma tana da ma'ana ne a yanayi guda kawai, wanda zan zo kansa.

Fara da ƙirga notin taya

Kafin ka yi magana da kowane bakanike, tsuguna ka ƙirga notin da ke riƙe da wilin motarka. In biyar ne, motarka ita ce gajeriyar mai jan baya, wadda aka ƙera don kwalta da ɗaukar kaya. In shida ne kuma ba ta da okzilari, to kana da doguwar, wadda Toyota ke kira PreRunner a Amurka da Tailan, a wasu ƙasashen kuma Hi-Rider. Tacoma PreRunner ta fito a 1998, kuma dabarar da ke bayanta ita ce a ba mutum tsayi da ƙafafun mai jan huɗu ba tare da kayan jan gaban ba. Wannan bambanci na noti ɗaya shi ne ke raba aikin da ake yi da sifana da aikin da sai an kira mai walda.

Sai ka duba farantin da ke ɗauke da lambar samfurin motar, a jikin ƙofa ko cikin ɗakin inji. A Hilux ta 2004 zuwa 2015, wadda ake kira Vigo, KUN15 da TGN16 gajeru ne masu jan baya, KUN25 da KUN26 da TGN26 masu jan huɗu ne, KUN35 da KUN36 kuwa su ne dogayen da ba su da okzilari. A samfurin da ya biyo baya daga 2015, GUN125 da GUN126 su ne masu jan huɗu. Ka riƙe wannan lamba, domin duk dillalin da ya san aikinsa zai karanta ta ranar da ka zo sayarwa.

Abin da ake cirewa da abin da ake sakawa

Mutane sukan ɗauka okzilari wani akwati ne da ake ɗaurawa a bayan giya a wuce. Akwatin yana nan, shi ne mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, amma giyar mai jan baya ba ta da wurin da zai zauna. Gindinta daban ne, sandar da ke fitowa daga cikinta ma daban ce. Saboda haka ko dai ka sayi giyar mai jan huɗu gaba ɗaya tare da okzilarinta, wanda shi ne abin da ya fi sauƙi, ko a farke taka a canza mata sanda da gindi. Da zarar an sa su, tsawonsu ya ƙaru, farfelar baya ta yi tsawo, sai an canza ta ko an rage ta an daidaita ta yadda ba za ta riƙa karkarwa ba. Ana buƙatar farfelar gaba. Ana buƙatar aksil na gaba da sandunansa biyu masu zuwa ga tayoyi, da cibiyoyin taya masu haƙora da sandunan za su shiga. Ƙarfen da ke tallafe giya daga ƙasa yakan canza. A wasu injunan har kaskon man inji sai an sauya shi don ya ba aksil ɗin gaba wuri. Sai a huda ƙasan mota don sandar okzilari ta leƙo kusa da ta giya.

Akwai abu ɗaya da in an yi kuskurensa duk aikin ya lalace: lissafin haƙoran aksil na gaba dole ya yi daidai da na baya. Toyota ta yi amfani da lissafi iri-iri gwargwadon inji da giya, irin su 3.58 da 3.91 da 4.10 da 4.56, wato yawan juyin da farfela ke yi kafin tayoyi su juya sau ɗaya. In bayanka 4.10 ne aka sa maka gaba mai 3.58, ranar da ka sa okzilari tayoyin gaba za su nemi gudu fiye da na baya, kuma abin da ke tsakaninsu shi zai biya: ko sarƙar okzilari, ko farfela, ko haƙoran aksil. A rairayi mai laushi ba za ka ji komai ba da farko, domin tayoyin suna zamewa su huce. Kana hawa ƙasa mai tauri za ka ji motar ta ƙage. Mai sayar da kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo zai iya rantsuwa cewa aksil ɗin na Hilux ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma wace Hilux? Kada ka karɓa sai an juya an ƙirga a gabanka.

Sannan ga maganar wuta. A Vigo sandar hannu ce ke sa okzilari, amma wasunsu suna da wata na'ura a aksil ɗin gaba da ke haɗa sandar taya ta kuma raba ta da kanta, kuma tana buƙatar wayarin. Ana iya kulle ta ta zauna a haɗe dindindin, sai dai farfelar gaba za ta riƙa juyawa ko da ba a sa okzilari ba. A samfurin 2015 zuwa yanzu babu sanda ma, maɓalli ne ake murɗawa, kuma yana magana da ƙwaƙwalwar mota da na'urar hana birki kullewa da ta hana zamewa. In mai wayarin bai san wannan tsarin ba, za ka ƙare da fitilun gargaɗi a gabanka kullum, kuma na'urorin tsaron da ka biya kuɗinsu ba sa aiki.

Duk wannan bayanin na doguwar ce, mai noti shida, wadda shasinta ya yi daidai da na mai jan huɗu. A kan gajeriya mai noti biyar aikin ya ninka. Ƙafafun gaba daban ne, wuraren ɗaure aksil ɗin gaba ba su nan, birki ƙanana ne, aksil ɗin baya ma sai an canza in ana so wili ya zama iri ɗaya gaba da baya. Nan ne ake fara yanka shasi ana walda. Wasu sukan ce tunda za a yi walda, gara a sa aksil ɗin gaba na Land Cruiser, dunƙulalle mai ƙarfi. Gaskiya ne ya fi jure wahala, kuma Hilux mai jan huɗu ta riƙe irinsa a kasuwanni da yawa har zuwa 1997. Amma sa shi ƙarƙashin Vigo yana nufin cire tsarin sitiyarin gaba ɗaya a dasa wani, a auna kusurwar ƙafafu da hannu. In an karkace da ɗan kaɗan, motar za ta riƙa yawo a kan titi ko sitiyari ya kama rawa a gudun kilomita 80. Mai waldar da ya iya ƙofa da gadon tifa ba lallai ya iya wannan ba, kuma rayuwar iyalinka ce ke kan waldar.

Ɗagawa

Ga abin da masu sayar da kayan ɗagawa ba su cika faɗa ba. Wurin da ya fi kusa da ƙasa a akori-kura shi ne tulun aksil na baya, kuma shi a kan tayoyi yake zaune. Ko ka ɗaga jiki da inci shida, tulun nan yana inda yake. Abin da ke ɗaga shi kawai shi ne taya mai tsayi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Taya 265/65R17 tsayinta wajen milimita 776 ne, 285/75R16 kuwa wajen 834. Bambancin 58 ne, amma abin da ka samu a ƙarƙashin aksil 29 ne kawai, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. A kan wannan inci ɗaya za ka rasa kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙarfin tashi, birki zai ƙara nisa, agogon gudu zai riƙa nuna 100 alhali kana kan 107. Injin fetur mai lita 2.7, wanda ya fi yawa a Hilux ɗin Najeriya, da ma ba shi da ƙarfin tashi irin na dizal, kuma shi ya fi jin wannan nauyin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin abin da ƙarin shan mai ke nufi.

Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne ciki ya daina gugar tudu, hanci da wutsiya su daina dukan bakin kwazazzabo, taya mai ɗan girma ta samu wuri. Inci biyu, wato wajen milimita 50, ya wadatar da wannan, kuma kamfanonin da suka daɗe a harkar irin su Old Man Emu da Ironman da Dobinsons na Ostareliya galibin kayan da suke yi wa Hilux a nan suke tsayawa. Dalilin yana ƙafafun gaba. A mota mai jan huɗu irin Vigo, aksil ɗin gaba a jikin shasi yake, sandunan ke sauka zuwa taya. Duk abin da ka ƙara a tsayi, karkatar sandunan ta ƙaru, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta fara yagewa, maiƙo ya fita, yashi ya shiga. Ka wuce inci biyu sai ka sayi hannayen sama na musamman na ƙafafun gaba, ka sauko da aksil ɗin, ka tsawaita robar birki. Abin lura a nan: mai jan baya ba ta da waɗannan sandunan, don haka ta fi mai jan huɗu jure ɗagawa. Wanda ya sa okzilari ya kuma ɗaga sosai ya haɗa abubuwa biyu masu cin juna.

A bayan motocin da ba su da sabon tsarin birki akwai wani ƙaramin bawul da ke auna nauyin kaya ta hanyar tsayin gado, ya rage ko ya ƙara birkin baya. In an ɗaga ba a gyara shi ba, kullum zai ɗauka motar fanko ce, ya rage birkin baya ko da buhu ashirin ke ciki. Kanikawa da yawa ba sa taɓa shi.

Sai kifewa. A 2016 mujallar motoci ta Siwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa abu a kan titi ba zato, a gudun da bai wuce kilomita 60 da kaɗan ba, tayoyinta biyu suka tashi daga ƙasa. Wannan mota ce yadda kamfani ya fito da ita. Ka ƙara mata tsayi, ka ɗora jarkoki da mutane a baya, sannan saniya ta faɗo maka a hanyar Gashuwa. Masu sa ƙarafa ko katako a ƙarƙashin sifirin don su samu tsayi da araha, waɗannan ba na ma son tattaunawa da su.

Wanda ya sayar ya sayi ta kamfani

Lissafin a nan mai sauƙi ne, kuma kai za ka yi shi da farashin wannan makon, domin na makon jiya ya tsufa. Tambayi kuɗin motarka yadda take. Tambayi kuɗin irinta mai okzilari, shekara ɗaya, lafiya ɗaya. Bambancin shi ne kuɗin hanya ta biyu. Sai ka tara kuɗin giya da okzilari da aksil da sanduna da farfela biyu da cibiyoyi da wayarin da kuɗin aiki, ka ƙara kuɗin makonnin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo maka komai ba, ka ƙara abin da za a sake saye saboda na farko bai shiga ba. Da wuya jimillar ta gaza bambancin nan, kuma ko ta gaza, ranar sayarwa farantin zai ce KUN15. Mai saye zai biya ka kuɗin mai jan baya, wataƙila ma ya rage saboda an taɓa shasi.

Mai jan huɗu ta kamfani tana da wani amfani da ba a gani sai an yi nisa da gida. In sandar gaba ta karye a Nguru ko Tanut, ka faɗi samfurin motar a aiko maka da ita a motar haya. Motar da aka harhaɗa daga motoci uku, sai ka tuna wane yanki ne na wace.

Haɗarin wannan hanya shi ne ka san tarihin motarka, ba ka san na wadda za ka saya ba. Hilux masu okzilari a yankinmu galibi sun yi aikin kamfanin gine-gine ko na ƙungiya ko na jami'an tsaro, sun sha wuya. Wasu ma an cire musu farfelar gaba tun tuni, sandar okzilarin ado ce kawai. Ka shiga ƙarƙashi da kanka, ka kai ta ƙasa mai laushi ka sa H4 da L4, wato jan huɗu na babbar giya da na ƙarama, ka ji tana ja. In aikinka na cikin Sahara ne na gaske, Agadas zuwa Dirku da kaya, to ka sa Land Cruiser 79 cikin lissafi. Injinta 1HZ mai lita 4.2 da dunƙulallen aksil ɗinta su suka sa ta zama abin da take a can, kodayake kuɗinta wani aji ne daban, kuma a kan kwalta ba ta da daɗin zama.

Wanda ya bar ta a mai jan baya

Ka tuna yadda motarka ke kafewa. In abin da ka saba gani shi ne taya ɗaya ta baya tana juyawa tana watsa laka ɗayar tana tsaye, to matsalarka ba rashin jan gaba ba ce tukuna. Aksil na yau da kullum yana tura juyi ne ga tayar da ta fi samun sauƙi, kamar ruwa da ke bin gangara. Saboda haka mai jan baya a cikin taɓo da taya ɗaya take ja, mai jan huɗu marar makulli kuma in ta karkace da biyu take ja, ɗaya gaba ɗaya baya. Makullin aksil yana tilasta wa tayoyin baya biyu su juya tare. Akwai na iska irin na ARB, akwai na wuta irin na Eaton, akwai kuma mai aiki da kansa irin Truetrac wanda ba ya kullewa gaba ɗaya amma ba ya buƙatar maɓalli. Wasu Hilux da Tacoma sun fito da makullin daga kamfani, kuma ana iya samun aksil ɗinsu a kasuwar kayan Beljiyam.

Makulli, da tayoyi masu zanen da ke cizon ƙasa, da ɗagawar inci biyu in kana so, da ɗan nauyi a gado a kan aksil, sun isa hanyar gona da ta kasuwar ƙauye a mafi yawan damina. Ka ƙara da famfon taya da ma'aunin iska. Rage iska zuwa psi 18 ko 20 a rairayi yana shimfiɗa taya ta hau kai maimakon ta haƙa, kuma direbobin Yusufari sun san wannan tun kafin a fara sayar da kayan ɗagawa. Ka mai da iskar kafin ka hau kwalta. Motar ta tsira daga nauyin kusan kilo 100 na kayan okzilari, shan manta bai canza sosai ba, kayan gyaranta na nan yadda suke.

Iyakar wannan hanya a fili take. A rairayi mai zurfi tayoyin gaba da ba sa ja suna tara yashi a gabansu, na baya su yi ta turawa har su nutse. A firkin Dikwa da Gamboru bayan ruwa, ko fadamar Haɗeja, makulli zai kai ka gaba kaɗan ne kafin ka kafe. Kuma ba ka da ƙaramar giya. L4 a Vigo tana ninka ƙarfi fiye da sau biyu da rabi, ita ce ke ba ka damar hawa tudu mai duwatsu da kaya a hankali ba tare da ƙona kuloci ba, ita ce ke riƙe mota a gangara irin ta ƙauyukan Mambila ba sai ka dogara da birki ba. Babu taya ko makullin da zai maye gurbinta. Wanda hanyarsa ta kullum ke nan, okzilari yake buƙata.

Yanayin da sa okzilari ke da ma'ana

Motarka doguwa ce mai noti shida. Ka san injinta da shasinta, lafiyarsu ƙalau, kuma ba ka son musanya ta da abin da ba ka sani ba. Ka samu cikakkiyar mai jan huɗu ta samfuri ɗaya da inji ɗaya wadda ta yi haɗari ta baya ko ta sama, gabanta da ƙasanta ba su taɓu ba, ka saye ta dunƙule ka ajiye kusa da taka. Daga cikinta za a ɗauki komai, har ƙananan notuna da wayoyi da aksil ɗin baya, don lissafin haƙora ya zo ɗaya ba sai an yi ta nema ba, ragowar kuma ka sayar ka rage asara. Bakanikenka ya taɓa yin aikin, kuma ya yarda ya haɗa ka da mai motar da ya yi wa ka tuƙa ta. In waɗannan sun haɗu, yi. Ka fara da okzilarin, ka tuƙa ta a tsayinta na asali har ka tabbata babu karkarwa babu ƙara, sannan ka ɗaga da inci biyu a yi alaimen. In aka yi su rana ɗaya wata ƙara ta taso, ba wanda zai iya ce maka daga wanne ta fito.

Ko ta kamfani ce ko wadda aka sa wa, okzilarin Hilux ba na busasshiyar kwalta ba ne. Ba shi da abin da ke barin gaba da baya su bambanta gudu a kwana, don haka kana fita daga laka ka mai da sandar H2, wato jan baya kaɗai. Sannan tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, har da safaya.